Filin Inna Tabawa a Bakin Kamfani

Ku gyara zama, yau sai kun yi musu.

A bayan wani gari, kamfanin gine-gine na Dogon Buri ya saye filaye kaf, ya jera gidaje iri ɗaya kamar ƙwan zabi, riba sai hayayyafa take. Saura fili guda a tsakiya, na Inna Tabawa. Manaja ya zo, tumbi a gaba, yana magana ta hanci: "Hajiya, ai ci gaba ne." Ta ce ita ba ta je Makka ba, filin kuma ba na sayarwa ba ne.

Sai ofishin filaye ya yi shela cewa ranar Laraba jami'i zai zo dubawa, duk filin da babu ɗaki mai rufi za a ƙwace. Na Inna kuwa babu ko bukka, kowa kuma ya san a bakin kamfani zai faɗa. Masu bulo suka ce kamfani ya saye har na baɗi. Magina suka sunkuyar da kai, don wanda ya taɓa aikin Inna ya rabu da aikin kamfani ke nan.

'Ya'yanta uku suka miƙe. Barau ya nufi ƙauye, ya goyo wani tsohon maginin ƙasa a babur, suka kwaɓa ƙasar filin suka yi tubali.

Ladingo ta ga mutum biyu ba za su gama ba, ta kira gayya. Maza suka noƙe. Sai ta tara matansu, ta ce kamfani bai taɓa ɗaukarsu aiki ba, balle ya kore su. Suka ɗaura ɗamara, bango ya tashi.

Laraba da hantsi jami'i ya iso, katafila na biye da shi, ɗaki kuwa babu rufi. Auta Jummala ta tare shi a hanya, ta durƙusa. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya masu jiki, ya aka ji da zafi. Yana kallon agogo yana "Madalla, madalla," ta tura masa ƙwaryar fura, wai baƙo ba ya tsallake abinci. Ya shanye, ta koma gaisuwa daga farko. Ba ta miƙe ba sai da ta hango an ɗora jinka.

Katafila ta juya. Amma Inna ta ce ba za ta raba filin uku ba, kada kamfani ya bi su ɗaya-ɗaya ya saye. Mutum guda za ta mallaka wa tun tana raye.

To, ku faɗa mini: mai tubali, mai gayya, ko mai gaisuwa, wa za ta ba?