Wanda Ya Sayar da Irin Shinkafar Ubansa Don Garin Cikin Waya

Ya 'yan uwa, a nan ƙasarmu an yi wani mutum, ɗan Gulma. Ba zan faɗi sunansa ba, don na ci tuwon gidan ubansa. Ni ban yi boko ba, allona ma bai yi nisa ba, amma ambaliya bakwai na gani a fadamar nan, ba wadda ta kore ni. Ku saurare ni.

Mutumin nan ya bar noma tun yana saurayi, ya buɗe gidan gem a Nasarawa, cikin Birnin Kebbi. Talabijin huɗu, akwatunan wasa huɗu, kwamfuta biyu, janareta na kuka a ƙofa. Samari su biya, su buga ƙwallo da yatsu, lokaci ya cika a ce su tashi. Ko a lokacin ban yarda da sana'ar ba, amma dai wasan yana da ƙarshe.

Sai waya ta shigo. Kowa ya koma wasa a aljihunsa, kuma wai kyauta. Benci ya yi ƙura. Ya sayar da akwatunan a wulaƙance, ya kwaso matarsa Laure suka dawo Gulma, kan gonar marigayi ubansa.

Gonar nan a kwari take, maƙwabciyar tawa. Inda muke, in kogin Rima ya cika, ruwa yakan shanye namiji tsaye. Shinkafa ɗaya ce ke rayuwa a wurin, tsohon irin kakanninmu mai bin ruwa: ruwa ya tashi, ita ma ta tashi. Ba a samun ta a shago. Kafin yanka, maigida ke shiga da kansa ya zaɓi zangarniya mafi kyau, a sussuke, a zuba a randa da toka, a liƙe bakin da laka. Shekarar yunwa dusa muka ci, da ganye, ban fasa randata ba. Ubansa ma bai fasa tasa ba.

To, shi mutumin namu ya zo da wani wasa a wayarsa. Ana gina gari, ana tara sojoji. In kana so ganuwa ta tashi da wuri, ka sayi lu'ulu'u. In kana so kada a ƙone garin kana barci ko kana gona, ka sayi garkuwa, ita kuma garkuwar kwana uku take yi ta narke.

Na ce masa, "Kai ɗan nan, wa ke sayar maka da wanga lu'ulu'u? Ka taɓa ganin fuskarsa?"

Ya yi dariya ya ce, "Baba, ni fa na ci abinci da gem shekara goma. Yara ake cuta, ba ni ba."

Ku duba min, jama'a. Wanda ya ba ka fili kyauta, sannan ya turo maka ɓarayi, sannan ya sayar maka da ƙofa, mene ne sunansa? Kuma me ya sa ranar da ya sayar da albasa, ranar ce wayar ke cewa an yi ragi? Wa ya gaya mata? Ni dai na tabbata leƙensa ake yi ta cikin wayar.

Albasa ta tafi. Tumaki biyu suka bi ta. Har Onyedikachi, mai shagon waya a Nasarawa da ke tura masa kuɗin, ya ce masa, "Maigida, ni riba nake ci, amma wallahi abin nan ya isa. Sarkin waya ba ya cin tuwo?" Bai ji ba.

Ana saura wata ɗaya shuka, aka ce za a yi babban yaƙi a cikin wasan. Garkuwarsa ta kusa narkewa, gidan kuma ba sauran abin ɗauka. Laure ta tafi suna. Ya fasa bakin randa, ya kwashe irin, ya kai kasuwar Argungu ya sayar wa mata masu turara shinkafa. Ya dawo ya cika randar da ƙaiƙayi, ya sake liƙewa da laka. A cikin wasansa, in iri ya ƙare, shago ake shiga a danna. Ya ɗauka haka duniya take.

Ranar da za a fitar da iri, Laure ta zura hannu ta ɗebo ƙaiƙayi. Ta ce, "Malam, mi nika gani? Ina irin Baba?"

Ya ce, "Na sayar wa masu turara. Za a sayo wani."

Ta ce, "A ina? Wanda ya shiga tukunyar turara ka taɓa ganin ya tsiro?"

Da ya zo wurina da na ɗibar masa ko kwano biyu ne. Kunya ta hana shi. Ya sayo gajeren irin zamani, mai kyau ne a tudu inda ake ban ruwa da inji, ya watsa a kwari. Shinkafar ta fito kore shar, har yana min ba'a wai tawa ta cika tsawo kamar ciyawa.

Ruwa ya zo a lokacinsa. Kwana huɗu, gonarsa ta zama tafki, ko ganye ɗaya ba a gani. Tawa tana gefe, kanta a sama, tana rawa bisa ruwa.

Garin cikin wayar fa? Bayan wata biyu waɗanda suka ƙirƙiro wasan suka rubuto cewa sun rufe shi, kasuwa ta koma kan wani sabo, sun gode. Ganuwa, sojoji, lu'ulu'u, ko toka bai samu ba. Wa zai kai ƙara? Gaban wane alƙali? Laure ta koma gidan yayanta a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi, ta ce ba yaji ta yi ba, abinci ta bi.

Da kaka ta yi, cikin 'yan ƙwadagon da suka yi min yanka har da shi. Ina tsaye a kan kunya na ga ya waiga, ya tsinke zangarniya uku ya tura a aljihun da wayar ke zama a da. Ni da ba a taɓa satar min ko ƙwaya ban kama ba, na juya kaina ina kallon kogi.

Ya 'yan uwa, zunubinsa ba ɗaya ba ne. Ya yi almubazzaranci, ya ci amanar mamaci, ya yaudari iyalinsa da laka, girman kai kuma ya hana shi tambaya. Duk abin da aka ce kyauta ne amma yana kiran ka da ƙararrawa, ka tambayi wa ke riƙe da igiyar. Kowane gida yana da randarsa. Yau in kun koma, ku duba bakin taku, ku duba wayoyin 'ya'yanku, ku duba naku ma.

Allah ya kiyaye mu da ɗan kasuwar da ba ya nuna fuska, ya kiyaye hannuwanmu daga abin da iyaye suka liƙe. Shi kuma, Allah ya sa zangarniya ukun nan su tsiro. Amin.