Shekarar da Vendelin Ya Miƙa wa Ɗansa Sandar Gari

Akwai wani magajin gari da aka taɓa yi a ƙauyenmu na Vrbinka, cikin ƙasar Morabiya, sunansa Vendelin Kratina. Jama'ar wannan shafi, ku ɗan ba ni aron hankalinku. Ni kaina duk sanda na tuna labarin mutumin nan sai jikina ya yi sanyi.

Lokacin yaƙi ne. Jamusawa sun shigo sun haɗe ƙasarmu da tasu, amma ba su kori kowa daga kujerarsa ba. Sun bar mana shugaban ƙasa da ministoci, sun bar mana 'yan sandanmu da masu garuruwanmu, suka ce mu ci gaba da mulkin kanmu, su kariya kawai suke ba mu. Sai dai a kowace gunduma sun ajiye Bajamushe guda a ofishin saman bene. Namu sunansa Lindner, kuma in ka tambaye shi aikinsa, sai ya ce shawara yake bayarwa.

Ko tsohuwar da ke kiwon dinya a bakin rafi ta san wa ke da ƙasar. Vendelin kaɗai ne ya ɗauki maganar da gaske.

Babban manomi ne, mai gonar inabi, da tumbi da gashin baki wanda yake murzawa in zai yi magana. Ba mugu ba ne, kar in zalunce shi. Girman kai ne ya yi masa yawa. Bini-bini sai ya ce, "Ni da Lindner ai mun fahimci juna. Shi yana can sama, ni ina nan ina riƙe da garina."

A shekarun nan ana ta kwasar samari ana kai su aikin dole a masana'antun Jamus. Wasu su dawo da tari, wasu ba sa dawowa. Ɗan Vendelin tilo, Radim, mai shekara ashirin da ɗaya, bai tafi ba, domin doka ta ɗaga wa samarin da gonaki ba za su yi ba sai da su. In iyaye mata suka zo suna kuka a kan nasu 'ya'yan, sai Vendelin ya ce dokar gwamnatinmu ce, ba ta baƙi ba, su yi haƙuri.

Wata rana wata ta ce masa, "To Radim fa?"

Ya murza gashin baki ya ce, "Muddin ina kan kujerar nan, babu mai taɓa Radim."

To, muna da bikin gari da ake yi bayan an gama tsinkar inabi. Samari su ci ado, su taho da 'yan busa har ƙofar magajin gari, su roƙi a ba su sandar gari, wadda aka ɗaure wa ƙyallaye aka soka mata tuffa a ka. Magajin gari ya miƙa ta ga shugaban samari. Daga nan har kwana uku, wannan saurayin ne mai gari. Shi ke buɗe rawa, shi ke yanke wa dattawa hukuncin wasa, ya ci mutum tarar tulun ruwan inabi saboda ya taka ƙafar matarsa a fili. Kowa ya san wasa ne, kuma kowa yana son abinsa.

Tun da aka hana rawa a ƙasar, bikin ya kwanta. Amma a shekarar nan samari suka zaɓi Radim ya zama shugabansu, ko da ba za a yi komai ba. Vendelin kuwa ya taɓa riƙe sandar nan yana saurayi. Sai ya ƙudura a ransa lallai sai ya ga ɗansa riƙe da ita.

Matarsa Hedvika ta ajiye kwanon ƙullun da ke hannunta ta ce, "Baban Radim, an hana rawa fa."

Ya ce, "An hana rawa a gidajen rawa na birni. Wannan al'ada ce."

"Su Jamusawan sun san bambancin?"

"Ke dai ki ji da burodinki. Garin nan wa ke mulkinsa, ni ko ke?"

Ta ce, "Ba ni ba ce, kuma ba kai ba ne. Ka bar yaron nan ya yi ta nomansa ba wanda ya san da shi. Me zai sa ka ɗora shi a gaban idon mutanen nan?"

Vendelin ya yi tsaki, ya ce mata ba ta san siyasa ba.

Ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, ya ɗauki kwandon inabi da dinya guda, ya tafi wurin Lindner. Bajamushen ya tashi tsaye ya tarbe shi, ya ja masa kujera da kansa. Da ya ji abin da ke tafe da shi sai ya ɗaga hannu biyu.

Ya ce, "Mai girma magajin gari, ni wane ne da zan ba ka izini a garinka? Wannan al'amarinku ne na cikin gida. Ba ma sa baki."

Ku lura, bai ce a yi ba, bai ce kar a yi ba. Amma Vendelin ya dawo gida yana tafiya kamar zakara, yana gaya wa duk wanda ya gamu da shi cewa har gayyatar Lindner ya yi.

Ranar biki gari ya cika. An gasa dinya, an dafa kabeji, mata sun fito da burodi mai zaƙi da suka toya da garin da suka daɗe suna ɓoyo. 'Yan busa suka tsaya a ƙofar Vendelin, wasu samari suka tsaya wa Radim a matsayin 'yan rakiyarsa, ya cire hula ya roƙi sanda da kalmomin da kakanni suka bari. Uban ya miƙa masa, idonsa ya ciko da ƙwalla don daɗi.

Lindner ya zo da rana, shi da direbansa kawai, ba soja ko ɗaya. Ya zauna, ya ci, ya sha, ya tafa. Can ya nuna sandar ya tambayi ma'anarta.

Nan Vendelin ya samu abin da yake so. Ya miƙe tsaye don kowa ya ji, ya ce, "Yallaɓai, daga yau har kwana uku ni ba kowa ba ne a garin nan. Ga mai gari can. Duk abin da aka yi a Vrbinka, shi za a tambaya."

Lindner ya ce, "Da gaske?"

"Tambayi kowa."

Jama'a suka amsa cikin dariya cewa haka ne. Lindner ya yafito Radim, ya ce, "Saurayi, kai ne mai gari?"

Radim ya ɗan rusuna yana murmushi, ya ce, "Ni ne, yallaɓai."

"Kai ka buɗe rawar nan?"

"Ni na buɗe."

Lindner ya ce lallai al'ada ce mai kyau, ya kamata a riƙe ta. Ya yi sallama da kowa ya tafi.

Washegari da safe, ana shirin rawar rana ta biyu, sai ga Alois ɗan sanda a ƙofar gida. Ɗan garinmu ne, tare suka yi makaranta da Vendelin. Bai yarda sun haɗa ido ba. Ya ce, "Vendelin, ana kiranka a sama. Yanzu."

Da ya isa ofishin Lindner, wannan karon ba a ja masa kujera ba.

Lindner ya ce, "Jiya an yi taron rawa a garinka, alhali doka ta hana. Wanda ya karya dokar yaƙi ba ya cikin waɗanda aka ɗaga wa aiki. Mai garin da ya buɗe rawar, da samarin da suka tsaya masa, za su tafi masana'anta."

Vendelin ya yi dariya, don ya zaci wasa ne. Da ya ga fuskar mutumin sai dariyar ta maƙale masa.

Ya ce, "Yallaɓai, ai na zo na tambaye ka."

"Ka zo. Na ce maka al'amarinku ne. Kun yanke shawararku, ga sakamakonta."

"To ni na ba da izini. Ni ne magajin gari. Ni za ku kama."

Lindner ya girgiza kai a hankali. Ya ce, "Kai da bakinka ka faɗa gaban jama'a cewa kai ba kowa ba ne. Yaron ma ya amsa. Mu muna girmama al'adunku, ba zan zo in ce ƙarya kuke yi ba. Kuma me zan yi da dattijo mai tumbi a masana'anta? Kai a nan nake bukatarka."

Vendelin ya dafa tebur. Sai a lokacin ya gane cewa mutumin nan ya daɗe yana neman hanyar da zai kai hannu ga samarin gona, kuma shi ne ya buɗe masa ƙofa, har da kwandon inabi.

Ya ce, "Ɗana ne tilo. Don Allah."

"Na sani. Shi ya sa na bar maka abin a hannunka. Kai za ka ba da umarnin, ɗan sandanku ya tattaro su, mai shelarku ya sanar. Ba hannun Bajamushe a ciki."

"Ba zan iya ba. Na ajiye muƙamin."

"Ba a ajiye muƙami a lokacin yaƙi, zagon ƙasa ake kiran wannan. In ka ƙi, abin ya tashi daga na cikin gida ya koma na soja. Su kuwa soja ba za su tsaya tambayar wa ya riƙe sanda ba. Duk wanda ya taka rawa jiya, mace da namiji, nasu ne. Ka dai ji abin da ya sami wasu garuruwa."

Vendelin ya ji. Kowa ya ji.

Ya sauko daga bene yana bin bango. Alois na jiransa a ƙasa. Vendelin ya ce masa da muryar da shi kansa bai gane ta ba, "Je ka tattaro su."

Kafin ya isa gida, mai shela ya riga ya kaɗa gangarsa a dandali, daidai inda aka yi rawa jiya. 'Yan busa na zaune da ƙahonninsu a cinya. Mai shelar ya ce bisa umarnin magajin gari Vendelin Kratina, Radim Kratina da samarin da suka tsaya masa su hallara a tashar jirgin ƙasa da kayansu. Wata mata ta zauna a ƙasa daɓas, da kayan adonta.

Hedvika na tsaye a bakin ƙofa. Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi ba shi tsoro.

Ta ce, "Kai ka ba da umarnin?"

Ya ce, "Ba ni ba ne. Lindner ne. Tilasta mini aka yi, da na ƙi da duk garin..."

Ta ce, "Sunan wa na ji an kira?"

Ta juya ta shiga ta fara ninke wa ɗanta rigunan sanyi.

A tashar jirgi babu Bajamushe ko guda. Alois namu ne ya jera samarin, ma'aikacin jirgi namu ne ya buɗe tarago, magajin garinmu ne ya tsaya yana kallo. Iyayen sauran samarin suka tsaya nesa da shi, ba wanda ya gaishe shi. Radim ya rungume uwarsa, sannan ya zo gaban ubansa. Har a lokacin bai gama yarda abin da gaske ba ne.

Ya ce a hankali, "Baba, za ka yi masa magana, ko? Ai kun fahimci juna."

Vendelin ya ce, "Zan yi masa magana."

Ya kuwa yi. Ya hau benen nan har ya gaji da hawa. Kullum Lindner zai tarbe shi da fara'a, ya ce abin takaici ne ƙwarai, amma umarnin magajin gari ne, shi ba ya sa baki a al'amarin cikin gida.

Da bazara ta zagayo, jiragen yaƙi suka yi ruwan bama-bamai a kan masana'antar da aka kai su. Wasu daga cikin samarin sun dawo bayan yaƙi. Radim ba ya cikinsu.

Lindner ya tattara kayansa ya bar ƙasar kafin a gama yaƙin, kuma ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa. Sai da na tambayi tsofaffi da yawa kafin na sami wanda ya tuna sunansa. Amma in ka je Vrbinka yau ka tambayi yaushe aka yi wannan bikin, ko wa ka tarar zai ce maka, "Ai shekarar da Vendelin ya tura ɗansa."

Darasi: Wanda ya ƙwace gidanka ya bar maka kujera, ba don yana ganin girmanka ya bar maka ita ba, so yake ya yi ɓarnarsa da hannunka da sunanka. Kada girman kai ya sa ka ɗauki muƙamin aro a matsayin iko, kuma kada ka raina gargaɗin na kusa da kai don kawai ba shi da kujera. In labarin nan ya taɓa zuciyarka, ka tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman wanda ka san an ba shi muƙami ya fara mantawa da wanda ke saman bene.