Ruwan da Ya Cinye Gonar Inna Delu

Muktari Alƙasum haifaffen Tahoua ne, a unguwar Bilbis ya girma. Ya yi karatun noma da raya ƙasa a Yamai, kuma duk malamansa sun shaida yana da kai. Aibinsa guda ne: yana son a kira shi shugaba, amma bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa shugabancin don wa ake yin sa ba. A ganinsa kowane aiki matakala ce ta hawa zuwa babbar kujera.

Yana da shekara ashirin da tara aka ba shi jagorancin aikin raya fako a wani ƙauye na karkarar Bambeye. Fakon yana kan tudu, bisa gonakin mutane, ƙasa ce da ta ƙeƙashe har ko ciyawa ba ta fita. Aikin shi ne a haƙa ramuka masu siffar rabin wata, bakinsu na fuskantar inda ruwa ke gangarowa, don su tare shi ƙasa ta sha. Yawancin mazan garin sun tafi cin rani, saboda haka mata ne ke riƙe da diga da shebur.

Shugabar matan wata dattijuwa ce, Delu, mai shekara sittin da 'yan kai. Gonarta ce ta farko a gindin tudun. Ita da marigayi mijinta suka raya ta da hannunsu, shekara goma sha ɗaya suna haƙa tassa, wato 'yan ramukan shuka, suna zuba taki a ciki, har wurin da ake yi wa dariya ya zama gonar da ake zuwa kallo.

Muktari kan iso da hantsi a kan babur, ya zauna gindin wani gawo yana latsa waya. Da ya sami labarin cewa manyan baƙi za su zo duba aiki, sai ya hana a ci gaba da auna gangaren ƙasa, wai awon yana cin lokaci. Ya ce a jera ramukan layi-layi suna kallon hanyar mota, yadda mai wucewa zai ga kyansu.

Delu ta ajiye shebur ta same shi a inuwa.

Ta ce, "Ɗana, ruwan tudun ga ba daga wajen hanya yake zakuwa ba. Daga yamma yake sabkowa. In an aje ramukkan haka, ta gefe zai buge su."

Muktari ya ce, "Inna, shekara biyar na yi ina karatun wannan abu. Ku dai ku haƙa inda na nuna."

"Ni kuwa shekara arba'in ina kallon ruwan ga," in ji ta a hankali. "Amma kai ne shef, kai ne shugaba."

Ta koma ta ɗauki shebur ɗinta.

Baƙi suka zo a motoci uku, suka ɗauki hotuna, suka yaba. Dirakta Idris, shugabansa na Tahoua, ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa. Muktari ya koma gida kamar ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

Damina ta faɗi, aka yi shuka, hatsi ya kai tsawon tafin hannu. Wata Laraba bayan azahar hadari ya haɗu, aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwan ya sauko ta yamma, ya fasa ramin farko, na farko ya fasa na biyu. Layukan da aka jera suka zama magudana, suka tattara ruwan tudun duka wuri guda, suka juye shi cikin gonar Delu.

Washegari maigari ya kira Muktari a waya. Da ya iso, ya tarar da wani kwazazzabo ya raba gonar biyu, zurfinsa ya kai ƙugu. Baƙar ƙasar da aka yi shekaru ana tarawa ta tafi, sai farin yashi da tsakuwa. Can ya hango Delu ta sunkuya, tana tsince 'yan shukokin da ruwa ya tumɓuke tana sake binne su ɗaya-ɗaya, ko da yake ta san ba za su tashi ba.

Ya tsaya daga nesa, ya kasa ƙarasawa. Ya so ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Sai ta ɗago ta yafito shi da hannu, ta miƙa masa goran ruwanta.

"Sha, ka yi tahiya cikin rana."

Ya karɓa ya sha. Ya ce, "Inna, kin faɗa mini."

"Na hwaɗa. Abin da ya wuce ya wuce, Allah ya ƙaddara." Ta share hannu da gefen zane. "Tambaya guda zan yi maka. Da ka zaɓi aikin ga, mi kake nema cikinai?"

Muktari ya dubi kwazazzabon. Ya tuna kujera, ya tuna mota, ya tuna ofis mai sanyi a Yamai. Babu ko ɗaya a cikinsu da zai iya furtawa a gaban tsohuwar nan da gonarta.

Ta ce, "Ba sai ka amsa mini ba. Ka amsa ma kanka."

A Tahoua abokan aikinsa suka ba shi shawara ya rubuta a takardar rahotonsa cewa ruwan bana ne ya yi yawa, ba wanda zai musa. Kwana biyu takardar tana gabansa. A na uku ya rubuta gaskiya: shi ya hana awo, an gargaɗe shi, ya ƙi ji. Dirakta Idris ya karanta, ya cire tabarau ya daɗe yana kallonsa.

"Ka san zan sauke ka daga jagorancin nan?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Alfarma ɗaya nake roƙo. A bar ni a garin, ko a ƙarƙashin wa."

Haka aka yi. Aka naɗa wani, Muktari ya koma ƙaramin ma'aikaci. Maigari ya ba shi ɗaki a zaurensa.

Da kaka ta yi, abin da Delu ta girbe bai rufe gindin rumbu ba. Dole ta tafi Affala wurin 'yarta Raƙiya ta zauna can, ita da ba ta taɓa cin abincin suruki ba. Muktari ne ya ɗauko mata ƙunshin kayanta zuwa bakin hanya. Da motar kasuwa ta tsaya, ta juyo ta dubi gonar, ta daɗe, sannan ta hau.

Wannan kallon ya hana Muktari sukuni. Ranar farko da ya ɗauki diga, matan suka ƙyalƙyale da dariya, domin kafin azahar tafin hannunsa ya yi bororo. Bai fasa ba. Ya bi tsofaffin garin ɗaya bayan ɗaya suna nuna masa hanyoyin ruwa, shi kuma yana aunawa yana kafa turaku. Aka rushe ramukan da ya jera, aka sake su yadda ƙasa take so. Bayan an tashi aiki, sai ya ari amalanken jaki ya yi ta jigilar duwatsu yana datse kwazazzabon gonar Delu. Da matan suka ga haka, suka fara tsayawa su taya shi, ba wanda ya sa su. Wata ta kawo taki daga garkenta, wata ta zo da mijinta da ya dawo. Sabon shugaban ma, in yana son a fito da wuri, Muktari yake roƙa ya yi wa mutane magana.

Damina ta biyu ruwa ya tsaya a kan tudu, ciyawa ta fito a fakon da ba a taɓa ganin kore ba. Ƙasar da ruwa ke ɗaukowa ta fara taruwa a bayan duwatsun, kwazazzabon ya soma cikewa.

Delu ta dawo da bazarar shekara ta gaba. Idanunta sun yi rauni, sai da Muktari ya riƙe mata hannu zuwa gonar. Ta cire takalma ta taka a hankali har bakin wata tassa, ta durƙusa ta cusa yatsu cikin takin. Ta ɗebo ƙasa ta murza, ta kai hanci. Sai ta yi murmushi.

"Gara ta shigo, ɗana. Gara ba ta zama cikin matacciyar ƙasa. Gona ta yahe muna."

Muktari ya juya baya don kada matan su ga hawayensa, amma sun riga sun gani, kuma ba wadda ta yi dariya.

Gonar ba ta koma yadda take ba, wataƙila sai nan da wasu shekaru. Amma a kakar nan rumbun Delu ya kai rabi, kuma ba ta sake kwana a gidan kowa don neman abinci ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk wanda aka ɗora a kan wani aiki, ya fara sanin mutanen da aikin zai taɓa rayuwarsu kafin ya fara hangen inda aikin zai kai shi. Shugaban da ke aiki don a gan shi, idan ya yi kuskure ba shi ke fara ɗanɗana kuɗarsa ba, marasa ƙarfin da ke ƙarƙashinsa ne. Ka saurari wanda ya riga ka sanin wuri, ka amsa laifinka ko da zai raba ka da matsayi, sannan ka tsaya ka gyara abin da ka ɓata. A nan mutum yake gane dalilin aikinsa, kuma a nan jama'a suke bin sa da zuciya ɗaya.