Kunun Yara da Aladun Dattijo

An taɓa yin wani mutum a Unguwar Television da ke Kaduna, a zamanin da sojoji suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki. Ba zan faɗi sunansa ba, jikokinsa suna nan da rai.

A shekarun nan masaƙun Kakuri suka fara yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Iyaye suka zauna ba aiki, yara suna zuwa makaranta ba su karya ba. Sai ikkilisiyarmu ta shirya dama musu kunun waken soya kowace safiya. Aka damƙa wa mutumin nan buhunan gari da tukunya, domin dattijo ne, kuma muryarsa tana da daɗi wajen addu'a.

Shi kuwa yana kiwon aladu a bayan gida. Wata rana ya zuba musu ɗan garin, ya tsaya yana kallon yadda suke ci. Daga nan kunu ya fara tsinkewa. Na taɓa leƙa kofin wani yaro, na ga gajimare yana wucewa a ciki. Ya 'yan'uwa, kunun da ake hango sama a cikinsa, kunu ne?

Aladu suka yi ƙiba, fatarsu har sheƙi take. Yara kuwa gashinsu ya yi ja-ja kamar gashin masara. Malami yana rubutu a allo, su suna barci ido buɗe, kamar masu sauraron kiɗa daga nesa.

Akwai wata yarinya Dorcas, 'yar wata gwauruwa a unguwar Makera, wadda ta fi kowa karatu a ajinsu. Kunun nan ne abincinta har yamma. Ranar jarrabawar shiga sakandare ta ɗauki fensir, ta rubuta sunanta, sai ta sulale ƙasa. Ta daɗe a kwance. Ba ta sake komawa aji ba.

Uwarta ta je gidan dattijon roƙon ɗan gari ta dama wa mara lafiya. Ya ce, "Ayya, Maman Dorcas, gari ya ƙare tun jiya. Sai dai mu yi addu'a."

Yana rufe baki, wani ƙaton alade ya fito, hancinsa fari fat da gari. Ta dube shi, ta dubi dattijo, ta ce, "Baba, wannan ɗan naka aji nawa yake?"

Washegari matan zumuntar ikkilisiya suka zo da tulunan kiɗansu, suka tsaya a ƙofarsa suna waƙa. Ba wadda ta taɓa shi. Amma daga ranar mahauta suka daina zuwa sayen aladunsa, domin duk unguwa ana cewa namansu naman yara ne. Ba gari, ba kuɗin dusa, aladu suka yi ta kukan yunwa har ya buɗe musu ƙofa, suka watse dajin Rido. Matarsa ta koma ƙauyensu. Ganin da na yi masa na ƙarshe, yana zaune a bakin kogin Kaduna kamar mai raba wa yara kunu, yana cewa, "Ku yi layi, ku yi layi." Ba kowa a gabansa.

Ya 'yan'uwa, yaro sau ɗaya yake girma. Abin da aka rage masa a kofi, daga jininsa da karatunsa aka rage, kuma ba a mayarwa. Dorcas tana nan tana suyar ƙosai a bakin titi. Wa zai amsa wannan a gaban Ubangiji?

Allah ya kiyaye mu da cin rabon yara, ya tsare hannuwanmu a kan abin da aka ba mu amana. Amin.