Alwalar Nomau Bakwai

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mana, ko duk kun fi ni gajiya? To, ta zo ku ji ta.

Wani tsohon maharbi ne, Nomau, ya tashi gano ƙanwarsa, tafiyar kwana tara a ƙasa. Shi da karensa Duna. Suka yi ta tafiya, suka yi ta tafiya, har goran ruwa ya bushe, harshen Duna ya zazzago.

Suka tarar da randar sadaka a bakin hanya, wata tsohuwa na gadi. Nomau ya sha moɗa biyu, ya ce, "Iya, saura abokin tafiyata."

Ta ce, "Kare? A moɗar jama'a?"

"To in zuba masa a tafin hannu."

"Hannun da zai koma kan moɗata? Yi gaba, ɗan nan."

Suka yi gaba. Suka tarar da rijiyar makiyaya. Mai guga ya ce, "Nan bi da bi ake sha, baba. Shanu, tumaki, jakai, sannan kare." Suka zauna jira. Kafin jakai su gama, guga laka yake fitarwa.

Duna ya ce, "Maigida, in mun sake wuce ruwa, ka wuce kai kaɗai."

Nomau ya saɓa shi a kafaɗa, ga tsufa, ga rana. Suka isa wani marmaro a gindin dutse, aljana ce ke da shi. Ta ce, "Mutum ya sha. Kare kuwa ban ba shi ko ɗigo."

Nomau ya sha, ya ce, "Ranki ya daɗe, ruwan alwala fa?"

Ta ce, "Wa ya taɓa hana wannan?" Ta cika masa buta.

Ya hau dutse ya tsuguna, Duna ya kwanta a ƙasa ya wangame baki. Wanke hannu sau uku, ruwa na bin gwiwar hannu, ɗis, ɗis. Wanke fuska sau uku, ruwa na bin gemu, tsurur. Duna sai haɗiya.

Ya gama, ya miƙe, ya yi tsai. "Af! Alwala ta karye."

Aljana ta toshe hanci, ta sake cika buta. Ya sake alwala, ta sake karyewa. Aljana ta ce, "Malam, lafiya?"

"Tsufa ne, ranki ya daɗe. Ga wake na ci."

Sai da aka yi bakwai, cikin Duna ya yi tim, jela ta fara kaɗawa. Nomau ya ɗauki sandarsa.

Aljana ta ce, "Ina zuwa? Ni ban ba kare ruwa ba, mai salla na ba. Buta bakwai, salla bakwai. Ga gabas can."

Nomau ya dubi gwiwoyinsa, ya dubi rana, ya tayar da kabbara. Yana ruku'u ƙashi na ƙara ƙas, yana sujada baya na ƙara ƙas. Duna kuwa ya sami inuwa, ya miƙe ƙafa huɗu. Can ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Maigida, ka sa ni a addu'a."

Ƙurunƙus, kan ɓera ya faɗa randa. Ruwan hanya da masu shi, kowa da dokarsa. In za ku yi nisa da kare, ku ɗaukar masa ruwansa da kaskonsa tun daga gida. Ku tashi haka nan, bakina ya bushe.