Sunan da Tabawa ta kasa faɗa

Ku ajiye wayoyin nan ku saurara, don in na gama sai kun ba ni amsa.

A wani ƙauye an yi wata tsohuwa, Tabawa, mai fama da hawan jini. Duk wata takan je ƙaramin asibitin garin a auna ta. Ba mutuwa take tsoro ba. Tsoronta a kwashe ta zuwa birni, ta cika a hannun baƙi, roba a hanci, babu mai laƙƙana mata kalmar shahada. Amma ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Malamar asibitin, Hurera, ita ta fara taɓo zancen. Ta ce, "Iya, in ciwo ya riƙe miki baki, me kike so a yi miki, me ba ki so?" Tabawa ta ce, "Ke 'yar nan, mutuwa kike kira mini?" Hurera ta sha faɗa, ba ta daddara ba. Wata uku tana tambaya, sannan tsohuwa ta saki jiki. Ta ce a yi mata magani iyakar yi, amma ran da likita ya ce babu tashi, a bar ta a ɗakinta. Hurera ta rubuta.

Saura wanda zai yi magana a madadinta. Nan aka tsaya cik. Ɗan farinta take so, kun kuwa san uwa ba ta kama sunan ɗan fari. "Rubuta wancan," in ji ta. "Wancan wa, Iya?" "Wancan dai." Aminiyarta Yalwa, wadda ta rako ta, ta ce, "Sallau take nufi, rubuta, kunyar nan tata sai ta kashe mu." Tunda Tabawa ba ta iya zama ta yi zance da shi, Yalwa ce ta dogara sanda har gonarsa, ta zayyana masa komai, ta kawo shi ya sa hannu.

Bayan shekara biyu ɓarin jikin Tabawa ya shanye, baki ya rufe. Likita ya duba, ya ce sai dai addu'a. Ƙannen Sallau suka kawo mota don a kai ta birni, suka ce, "Yaya, so kake gari ya ce mun yar da uwarmu?" Wallahi shi ma zuciyarsa tana cikin motar nan. Amma ya tsaya a bakin ƙofa yana hawaye, ya ce, "Ba ni na faɗa ba, ita ta faɗa." Wata ƙanwarsa ta yi shekara ba ta gaishe shi ba.

Kwana tara Tabawa ta yi a kan gadonta, jikoki na shiga suna fita. Ta cika da hantsi, 'ya'yanta zagaye da ita, ana yi mata shahada a kunne.

Allah ya saka wa ukun nan da alheri, ya ba ni irinsu. To, ku gaya mini: da wadda ta tambaya, da wadda ta kai saƙo, da wanda ya tare ƙofa, wa ya fi yi wa Tabawa gata?