Ƙwaryar Farko a Tsaunin Maje

Ku gyara zama, masu son gardama, yau na zo muku da wadda za ta sa tuwonku ya huce.

Akwai wani ƙauye, Tsaunin Maje, da Allah ya dasa a kan dutse. Gero yana yi, amma ruwa sai an yi tafiyar rabin yini da jaki. Mai unguwarsu, Barmo, ya gaji gidaje saba'in daga mahaifinsa, ya wayi gari da ashirin da ɗaya, don kowace bazara sai wasu sun ɗaure kaya sun bi ruwa. Abin yana cin sa ƙwarai. Sau biyu hukuma ta turo motar haƙa burtsatse, sau biyu ana tashi da farar ƙura. Da motar ta zo karo na uku, shugaban ma'aikatan ya gaya wa Barmo ba ɓoye-ɓoye cewa wannan ne na ƙarshe. Magidantan da suka rage su ma suka ce in an sake faɗuwa, to a yafi juna.

Na'urar ma'aikatan ta sake nuna gefen masallaci, kusa da busassun ramukan nan biyu. Sai ga Baba Tunau, tsohon mahaƙin rijiya da idonsa ya tafi, wanda ya haƙa wa garuruwan mutane rijiyoyi amma nasa ya gagare shi. Ya roƙi Barmo ya riƙe masa sanda ya kai shi wajen kowane suri da ke dajin. Ma'aikata suna dariya, mai unguwa guda yana jan makaho cikin rana daga gidan gara zuwa gidan gara. Kowanne sai Tunau ya ɓantari ƙasarsa ya ɗora a harshe, ya tofar. A na bakwai, can hayin busasshen rafi, bai tofar ba.

"Ranka ya daɗe, taɓa ka ji," in ji shi. "Wata biyar ba a yi ruwa ba, amma ginin jiya ne wannan, da danshinsa. Gara ba ta zuwa rafi da tulu. Daga ƙarƙashinmu ta ɗauko."

Shugaban ya ɗaga kafaɗa ya ce ai ramin nasu ne, su zaɓa. To amma mota ta shiga rafin ke nan, yashi ya haɗiye tayoyinta. Maza suka tura har suka gaji. Gwaggo Tabawa, wadda ta saƙa rabin zanan da ke kewaye da gidajen garin, ta tsaya tana kallo, sai ta juya gida, ta sa wuƙa ta yanke igiyoyin dangarta, ta jawo zanan har bakin rafi. Ta bi gida-gida tana kiran mata su yi haka. Ku da kuka san ƙauye kun san abin da ta nema: gida ba danga, matan kulle a fili, baƙi suna ganin tukunyar kowa da abin da babu a cikinta. Wani magidanci ya tare ta yana faɗa.

"Malam," ta ce, "gidan da za ka bar wa kuraye baɗi, me kake ɓoyewa a cikinsa?"

Kafin azahar gidaje ashirin da ɗaya suna tsaye tsirara, zanansu a shimfiɗe kan yashi. Motar ta hau ta haye, ta bar su a ragargaje.

Mai sarrafa injin baƙo ne, sunansa Hashimu, ba shi da ko ɗan'uwan nesa a garin. Umarnin da aka ba shi bututu ashirin ne, in babu ruwa a naɗe kaya. Barmo yana tsaye yana kallon bututu suna shigewa ɗaya bayan ɗaya, na ashirin ya nutse, ƙurar nan dai fara fat. Shugaban ya ce a kashe. Hashimu bai kashe ba, ya dafa bututun da tafinsa, ya damƙi ƙurar ya ga ta ɗan dunƙule. Aka gaya masa in ya ƙara ko taku ɗaya, ya bar aikin ke nan, shi da iyalin da yake ciyarwa.

"Yallaɓai, rawar ƙarfen nan ta canja," ya ce. "A hannuna nake jin ta."

Ya ɗaura na ashirin da ɗaya. Babu komai. Ya ɗaura na ashirin da biyu, ƙasa ta yi wani gurnani da Barmo ya ji shi a tafin ƙafarsa, sai ruwa ya yi sama ya wuce tsayin giginya. Ya dawo yana zuba a kansu, alhali babu ko ɗigon gajimare a sama. Wallahi ba wanda ya yi guɗa da farko. Tsofaffi suka durƙusa, mata suka buɗe tafin hannu, Tunau ya ɗaga fuskarsa ruwa yana bin gemunsa. Barmo ya ji tsoron Allah ya rufe shi, shekarun nan duka ashe suna ƙishi a kan kogi. Ya yi kuka bai ji kunya ba.

To, al'adar mutanen wurin, in aka samu sabon ruwa, mai unguwa ne ke cika ƙwaryar farko ya miƙa wa mutum ɗaya ya sha, kuma sunan mutumin rijiyar za ta ɗauka har jikokin jikoki. Ba a raba ta, ba a ba wa biyu. Barmo ya cika ƙwarya ya juyo, ga makahon da ya ɗanɗano ruwan a cikin ƙasa, ga tsohuwar da ta buɗe asirin gari don mota ta wuce, ga baƙon da ya sayar da aikinsa a kan bututu biyu. Jama'a sun zuba masa ido, kowa maƙogwaronsa a bushe, kuma ba mai sha sai an sha wannan.

Ku da kuka iya magana, in ƙwaryar nan a hannunku take, wa za ku miƙa wa?